Injin da Na Ƙi Mayarwa

Litinin, bayan la'asar, Faskari

Na sauka gidan Inna, ƙanwar mahaifiyata, lafiya. Direba bai kunna rediyo ba, kowa na motsa baki da addu'a har muka shigo gari.

Bari in rubuta yadda aka yi na zo. Takarda ce ta zo makarantarmu, a ƙauyenmu da ke gab da Mabai, cewa wata ƙungiya za ta koya wa malaman firamare na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa aiki da wani sabon inji, kowace makaranta ta turo mutum guda. Malam Gide, hedimastanmu, ya karanta mana a ofis. Malamai maza na zaune, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Wannan masararsa ta isa yanka, wancan ƙafarsa na ciwo. Babu wanda ya fito ya ce hanya yake tsoro. Sai na ce, "Malam, a sa sunana." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malama Najiba, kin shawarci maigidanki?" Na ce zan shawarce shi. Maigidan nawa, Yahya, ya sha kunu har ya gaji, sannan ya kai ni tasha da kansa.

Yau na ga injin. Kamar ƙaramin firij yake wanda aka cire wa ƙofa. Akwai zaren roba a naɗe a gefensa, yana jan zaren zuwa wani baki mai zafi, bakin ya narkar da shi ya riƙa zubawa layi bisa layi, yadda ake ginin rumbu, har abu ya tashi tsaye. Duk abin da ka zana a kwamfuta, shi zai gina maka. Mai koyar da mu, Injiniya Rukayya, ba ta kai ni shekaru ba, amma da ta ɗaga hannu sai ɗakin ya yi tsit.

An haɗa mu biyu-biyu. Ni da wani Malam Mas'ud daga Damari, malamin lissafi, dogo, hularsa kullum a karkace. Ya sunkuya yana kallon bakin injin yana kai da kawowa, ya ce, "Injiniya, wannan ai zanzaro ne aka sa wa wuta." Har ita sai da ta dara.

Talata, da hantsi

Abu na farko da na gina ya fito kamar taliyar da ta kwana. Na manta ban goge farantin da injin ke gini a kai ba, robar ta ƙi kamawa. Malam Mas'ud ya ɗaga shi da yatsu biyu ya ce a kawo manja da yaji.

Laraba, bayan azahar

An ce kowa ya zaɓi abin da zai gina wa 'yan ajinsa. Ban yi dogon tunani ba. Tun da na fara koyarwa nake sayen haruffan roba a kasuwa, kuma ban taɓa samun mai ɓ ko ɗ ko ƙ ba. Yarana na aji huɗu suna rubuta ƙofa da kofa duk ɗaya, in na yi faɗa su zuba mini ido. Yau na zana ƙ da lanƙwasarta, na danna, na zauna ina gadi. Da ta fito na riƙe ta a tafin hannu ina jujjuyawa. Ja ce, ƙugiyarta ta ɗan yi kauri, amma ƙ ce.

Shi kuwa Malam Mas'ud masa, wato waina, yake ginawa, a yanke gida biyu, gida uku, gida huɗu. Ya ce yaron da ya kasa gane rabi da sulusi a allo, in ka miƙa masa masa nan take zai san an cuce shi.

Ya ce matarsa Mero ba ta yarda da labarin injin ba. Wai da ya bayyana mata a waya ta ce ya daina yi mata tatsuniya da rana.

Juma'a, da safe

An rubuta sunan kowace makaranta a jikin inji guda, da faifan sola da batir da kwamfuta. Ranar rufewa kowa zai tafi da nasa. Na shafa sunan makarantarmu da yatsa kamar yarinya.

Ni ina nan gidan Inna har a gama. Malam Mas'ud ya ce shi ba ya iya mako biyu bai ga yaransa ba, zai hau mashin bayan an sauko masallaci ya dawo Litinin da sassafe. Injiniya ta ce ya haƙura ya zauna. Ya ce, "Hanyar da na bi tun ina goye? Allah na nan."

Litinin, da hantsi

Kujerarsa babu kowa.

Litinin, bayan la'asar

Wayarsa a kashe. Injiniya ta kira wani malamin makarantarsu, ya ce ya baro gida tun da asuba. Wani direba ya ce ya ga mashin a yashe gefen hanya kafin Mairuwa, tayar gaba na sama.

Ba zan rubuta sunan waɗancan a littafina ba. Sun ci gonakinmu, sun ci kasuwanninmu, sun ci barcinmu. Ba za su ci shafina ba.

Talata, da rana

Babu wanda ya kunna inji yau. Muna zaune kamar gidan makoki, amma ba a yarda a ce makoki ba ne. An ce sun kira yayansa. An ce an ji muryarsa. Alhamdu lillahi, an ji muryarsa.

Masarsa mai gida uku tana kan tebur, gida ɗaya bai ƙarasa ba. Wata malama ta sa ta a jakarsa ta zuge.

Laraba, bayan azahar

An dakatar da horon. Daga ofishin ƙungiyar aka bugo, wai a kwashe injinan duka a mayar Katsina sai ƙura ta lafa. Yaushe ƙura ta taɓa lafawa? Ɗiyata Bilki a cikin wannan abin aka haife ta, yanzu har ta fara famfara.

Kowa na ɗaure kayansa, ni kuma na je na tsaya gaban nawa.

Injiniya ta ce, "Malama, umarni ne."

Na ce, "Sunan makarantarmu ne a jiki. Ku kuka rubuta."

Ta ce, "Ba mu gama ba. Ban koya muku gyara ba. In bakin ya toshe ya za ki yi?"

Na ce, "Ki koya mini yanzu. Motarku ba ta zo ba."

Ta dube ni. Idanunta sun kumbura, na san ita ma ba ta runtsa ba tun Litinin. Sai ta ja kujera ta ce in kawo allura. Ta nuna mini yadda ake zafafa bakin a tsokane shi, yadda ake daidaita farantin da 'yar takarda, yadda ake ɓoye zaren daga raɓa. Da mota ta zo ta ce wa direban wannan ɗin ya lalace, a bar shi. Ta ƙara mini naɗin zare biyu a cikin buhu, ba ta dube ni ba ta ce, "In suka tambaye ni zan faɗi gaskiya." Na ce ta faɗa.

Alhamis, bayan magariba, gida

Na iso. A shingen jami'an tsaro an sa na kwance bargon da na naɗe shi. Wani ya zagaya shi ya ce mene ne. Na ce kayan makaranta. Na ciro ƙ daga jaka na miƙa masa. Ya jujjuya ta ya ce, "Wuce, Malama."

Bilki ta maƙale mini a ƙafa. Dada, surukata, ta kalli injin daga nesa ta ce, "Wanga abu ne ya raba ki da gida?" Yahya ya ɗauki batirin ya shigar zaure.

Lahadi, da yamma

An rufe makarantu. Tamu da duk na wannan ɓangaren, har sai abin da hali ya yi. Malam Gide ya zo da kansa ya faɗa mini, da makullin ofis a hannu yana ta juya shi. Ya ce kuma an bugo masa daga ƙungiyar, suna son injinsu.

Na ce, "Malam, makaranta aka ce a rufe. An ce a rufe zauren Yahya?"

Ya ce, "Malama, ni dai ban ji ba ban gani ba."

Kowa bai ji ba bai gani ba. To ni na ji, na gani.

Talata, da hantsi

Yara sun zo. Jiya 'yan kaɗan, yau zaure ya cika har waje. Na ɗora faifan sola kan rufin akurki. Da injin ya fara motsi wata yarinya ta kwasa da gudu, sai da na riƙo ta. Daga baya ita ce ta ƙi matsawa kowa ya gani.

Na ba su ɗ da d, na ce kowa ya rufe ido ya laluba ya faɗa mini wace ce ta ɗaki wace ce ta daki. Babu wanda ya faɗi. Abin da na yi shekaru ina tsage maƙogwaro a kai, yatsunsu sun gane shi kafin azahar.

Na so a ce Malam Mas'ud yana nan ya gani. Da ya sami abin tsokana.

Laraba, da safe

Babu labari daga Damari.

Alhamis, da safe

Babu labari. Injin yana nan.

Juma'a, bayan la'asar

Yahya ya dawo daga kasuwa fuskarsa a murtuke. Ko ruwa bai sha ba ya ce, "Najiba, kin san abin da ake faɗa a gari?"

Wai wani matashi ya gani a waya cewa irin wannan injin a ƙasashen waje yana ƙera bindiga. Ya nuna wa mutane a teburin mai shayi. Kafin a sauko masallaci maganar ta zama matar Yahya ta zo da injin ƙera bindigogi, gwamnati ce ta ba ta a ɓoye, karatun yara duk rufa-rufa ce.

Dariya ta kama ni. Na ce robar da ake yin bokiti da ita?

Ya ce, "Ke kike dariya. Maganar da ta kai teburin mai shayi, ina kike zaton za ta kwana? Kin san a garin nan akwai masu kai musu labari. In suka ji akwai irin wannan a gidana, sallama za su yi?"

Na daina dariyar. Gaskiyarsa ce. Na tsani cewa gaskiyarsa ce.

Asabar, da rana

Rabin yaran ba su zo ba.

Lahadi, bayan azahar

Mun yi faɗa irin wanda ba mu taɓa yi ba. Ya ce gobe zai ɗaura shi a mashin ya kai Ƙanƙara a tura musu kayansu. Na ce in an mayar da shi yanzu, kowa zai ce lallai da abin da aka ɓoye, zancen ba zai mutu ba. Ya ce zance ya rayu mu ma mu rayu. Na ce, "Baban Bilki, mun bar gonar fadama. Mun daina kwana a ɗakinmu in kare ya yi haushi. Mun sayar da shanu don kada a gani. Yau an rufe makaranta. Kullum sai mu ce wannan ne na ƙarshe. Ni na gaji da bayarwa."

Ya ce, "To ki zaɓa. Ko injin ya bar gidan nan, ko ɗiyata ta bar shi."

Na tashi na nufi zaure wurin injin. Shi ma ya san wannan amsa ce.

Ba zan mayar ba.

Litinin, da hantsi

Dada ta tafi da Bilki cikin garin Ƙanƙara, gidan ƙaninta. Ni na ɗaure mata kayanta. Ta ɗauka yawo za a je, tana ta tsalle. Dada ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ke Najiba, Allah shi shirye ki. Uwa ce ke ko malama?" Na ce duka biyu, Dada. Ta ce, "To yau ɗaya ta ci ɗaya."

Takalmin Bilki na gida yana ƙarƙashin gado, ƙafa ɗaya. Na bar shi inda yake.

Litinin, bayan la'asar

Na dafa tuwo ya yi yawa.

Laraba, da safe

Baba Mani, mai unguwarmu, ya aiko a kira ni. Ba a saba mace ta je ƙofar gidansa kan irin wannan ba, sai dai mijinta. Yahya ya ce shi zai je. Na ce tare za mu je.

Baba Mani ya ce, "Ɗiyata, ni ban ce kin yi laihi ba. Amma gari ya tsorata. Ki fitar da abin nan cikin dare, kowa shi huta."

Na ce, "Baba, in na fitar da shi cikin dare, na tabbatar musu da zancensu. Ka ba ni izini in fito da shi da rana. Gobe, gindin darbejiyar nan, gaban kowa. Wanda ya ga abin tsoro, ni da hannuna zan farfasa shi."

Ya dubi Yahya. Yahya ya dubi ƙasa, can ya ce, "Baba, ka bar ta. In ba ta yi ba, ba za a zauna lafiya a gidana ba."

Alhamis, bayan magariba

Bari in rubuta tun ban manta ba.

Gari ya taru. Maza a gaba, mata a bayan dangar gidan Baba Mani suna leƙe, yara a kan reshe. Yahya ne ya ɗauko batirin, ya ajiye ya koma gefe ya harɗe hannu. Na buɗe komai na nuna musu: ga zare, ku taɓa, ku ciza in kuna so. Wani tsoho ya ciza kuwa.

Na ce wa ke da wani ƙaramin abu na roba da ya karye. Can Baba Mani ya aika aka ɗauko tankin feshinsa, murfin ya tsage ya ɗaure da ledar burodi. Na auna, na zana, rana na dukan kwamfutar ba na gani sosai, sai da wata mata ta miƙo mayafinta aka yi mini inuwa. Na danna. Aka yi ta jira. Wasu suka gaji suka tafi salla suka dawo.

Da ya fito, ya ƙi shiga. Ya matse. Sai ga dariya daga baya, wani ya ce ko murfi ma bai iya ba. Gumi ya jiƙa mini baya. Na ce, "To kun gani, injin da ya kasa murfi shi ne zai yi bindiga?" Dariyar ta juya ta zama tawa. Na ƙara masa faɗi kaɗan, na sake. Na biyun ya zauna daram. Baba Mani ya cika tankin da ruwa ya girgiza shi a saman kansa, ko ɗigo.

Daga nan ne bakina ya kuɓuce mini. Na miƙe na ce, "Na san a cikin taron nan akwai mai kai labari daji. Ban san ko wane ne ba, ba na son in sani. Amma tunda kai labari ne aikinka, ka kai wannan daidai yadda ka gani. Ka ce murfin tanki ne. Ka ce haruffa ne na koya wa yara karatu. Ka ce Najiba ce ta faɗa."

Wurin ya yi tsit, har kukan akuya ana ji daga ƙarshen gari. Baba Mani ya ce, "To, a tashi haka nan."

A hanyar gida Yahya ya ce, "Kin kashe mu." Muka yi tafiya kaɗan, ya sake cewa, "Amma murfin ya yi kyau."

Juma'a, da asuba

Mun kwana lafiya.

Asabar, da asuba

Mun kwana lafiya. Kare ya yi haushi, mun fita bayan gari cikin dawa, mun dawo. Ba kowa.

Litinin, da rana

Wasu yaran sun dawo, wasu iyayen har yanzu sun hana. Ban bi kowa gida ba. Mata kuma sun gano hanya: wannan hannun murfin tukunya, waccan kan fitila. Na ce zaren na yara ne, amma na yi wa mai mayafin nan abin da ta kawo.

Malam Gide ya zo ya zauna a bakin zaure wai wucewa yake. Ya wuce har azahar. Ya ce in nuna masa yadda ake zanen. Yatsunsa sun yi wa kwamfutar nauyi, yana danna ɗaya uku na fitowa, yara na ƙunshe dariya. Gobe ma zai wuce, in ji shi, da malamai biyu.

Na yi waya da Bilki. Haƙorin ya fita. Ta ce ta jefa shi kan rufin gidan mutane, ko zai tsiro duk da haka? Na ce zai tsiro.

Laraba, da hantsi

Injiniya ta kira.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Laraba, bayan la'asar

An yi duk abin da suka ce a yi. Duk. Yayan Malam Mas'ud ne ya je karɓo shi, sai suka nuna masa wurin da suka binne shi.

Alhamis

Ban kunna ba.

Juma'a

Ban kunna ba. Na ce wa yara ba ni da lafiya.

Lahadi, da yamma

Na lulluɓe injin da bargo don kada in riƙa ganinsa. Da ba a kira horon nan ba, da Malam Mas'ud yana gonarsa. Da ba a kira ba, da bai hau hanyar da asuba ba. Haka nake ta juyawa. Sai kuma in ce, wanda aka ɗauka a gonarsa fa, wane horo ya je? Wanda aka ɗauka a kan gadonsa fa?

Yahya ya shigo ya same ni zaune gaban bargon. Na ɗauka zai ce ai ya faɗa. Sai ya ce, "In za ki mayar, kada ki mayar yau. Ba da wannan fuskar ba."

Talata, bayan azahar

Baƙuwar lamba ta kira ni. Murya a dishe ta ce, "Ke ce Malama Najiba? Ni ce Mero, matar Malam Mas'ud. Injiniya ta ba ni lambarki."

Na fara yi mata gaisuwa, ta katse ni. Ta ce, "An ce ke kaɗai ce kika tahi da naki. Ina cikin takaba, ba ni iya hita. Ina son in ga abin da ya hitar da shi daga gida. Da idona."

Na ce zan zo. Ban shawarci kowa ba na ce zan zo.

Na faɗa wa Yahya. Ya ce, "Damari." Na ce Damari. Ya ce, "Ta Funtua za mu bi, da rana tsaka, a motar haya. Kuma ni zan riƙe batirin, ke ba ki iya ɗaukarsa."

Alhamis, bayan la'asar, Damari

Mun iso. Ba zan rubuta hanya ba. Akwai inda direba ya taka mota kowa ya sunkuyar da kai, shi ke nan.

Gidan cike da mata. Mero ƙarama ce, ba ta kai yadda na zata ba, da jariri a cinya. Yahya ya tsaya a waje wurin maza, ya miƙa faifan sola aka jingina a tsakar gida. Na kwance bargon a tsakiyar ɗakinta.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Shi ne wannan?"

Na ce, "Irinsa ne. Nasa yana Katsina, da sunan makarantarsu a jiki."

Ta ce, "Ɗan wannan abin." Ta sake cewa, "Ɗan wannan abin." Wata tsohuwa ta ce ta yi haƙuri. Ta ce, "Inna, haƙuri nike yi. Da ba haƙuri nike ba da na sa taɓarya na ragargaza shi. Tun da aka ce tana tahe nike shirin haka."

Na ce, "In kin fasa ba zan ce komai ba." Kuma har zuciyata nake nufi.

Ta share ido da gefen hijabi ta ce, "Kunna."

Na tambaye ta me za a gina. Ta waiga ɗakin kamar mai neman abin da ya ɓace. Rigar makarantar babban ɗansu na rataye a ƙusa, maɓallin wuya ya cire. Ta ce, "Kullum sai ya ce zai sayo maɓalli in ya shiga kasuwa. Kullum sai ya manta."

Maɓalli ba ya cin lokaci. Na zana shi tana kallo, da 'yan ramukansa huɗu. Da bakin injin ya fara zagaye matan suka matso, masu salati na yi. Ita ba ta motsa ba, idonta na bin sa duk inda ya yi. Da ya tsaya na ɓamɓaro shi na sa mata a hannu.

Ta ce, "Da ɗumi."

Sai ta fashe da kuka, irin wanda aka ce tun ranar ba ta yi ba. Muka bar ta. Babu wanda ya ce ta yi shiru.

Da ta natsu ta miƙa wa tsohuwar jaririn, ta matso kan tabarma har gwiwarta na taɓa tawa. Ta ce ta yi sakandare, a nan gidan take koya wa 'yan mata karatu da yamma. Ta ce, "Na ce mashi tatsuniya ce. Nuna mini inda ake dannawa."

Juma'a, da hantsi, Damari

Ba mu koma ba. Yahya ya ce sai Lahadi, ya sami masu dawa yana ciniki. Malamai biyu daga makarantar marigayi sun zo, suna zaune a ƙofar ɗaki, Mero na ciki, ni a tsakani da kwamfuta ina juya ta nan da can.

Na kira Injiniya na ce a turo nasa, akwai masu karɓa. Ta ce ofis ba za su yarda ba. Na ce ta ba ni lambar ofis ɗin. Mero ta ce a'a, a ba ta ita, ita za ta kira.

Maɓallin ya ɗan yi girma. Sai da ta faɗaɗa ramin rigar da reza, ta ɗinke bakinsa. Ya shiga. Yaron ya sa rigar tun safe ya ƙi cirewa, alhali babu makaranta.